Tafkin Dagona da Ɗalibanmu: Jawabi a Taron Reshe



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan tafkin Dagona da ke ƙasar Bade, wanda aka keɓe domin tsuntsayen ruwa a cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. A 2008 aka sanya shi a jerin dausayin duniya masu muhimmanci, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Duniya ta san shi. Yawancin ɗalibanmu kuwa, da mu kanmu, ba mu taɓa taka bakinsa ba.

Tsuntsayen wurin kashi biyu ne, kuma mukan haɗa su a aji. Akwai baƙi masu ƙetaro hamada daga Turai da kaka, su yi hunturu tare da mu, su koma gida su yi ƙwai. Akwai kuma 'yan gida, irin su kirinjijiya da dinya, waɗanda a nan suke ƙyanƙyasa da damina. Kirinjijiya a ƙasa take sheƙa, cikin ciyawar bakin ruwa, inda kofaton saniya ko hannun yaro zai iya cim mata. Saboda haka tsaron wurin ya fi ƙarfin kafa allo a bakin hanya. Sai ambaliya ta zo a kan kari, ta kuma janye a kan kari, sai an bar ciyawar gaɓa ta tsaya har 'ya'yan su yi fiffike.

A nan ne gizo ke saƙar. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya. Inda ruwa ya daina ƙafewa da rani, kachalla ta toshe hanyoyinsa, ta zama makwancin janbaki mai cinye shinkafa da gero. Asarar ta manomi ce da masunci, wato iyayen yaran da ke gabanmu, kuma duk shekarar da gona ta ƙi, mu ne farkon masu gani a rajistar aji.

Sakin ruwan madatsa ba a hannunmu yake ba. Amma yaron da ke yawo da danƙo, mai kwasar ƙwai a watan Agusta, ɗalibinmu ne. Tsawa ba za ta hana shi ba, domin sau da yawa yunwa ce ta aike shi. Ganin tsuntsuwa kwance kan ƙwanta da idonsa ya fi tasiri.

Muna roƙon reshe ya rubuta wa hukumar gandun takarda a wannan zangon karatu, a nemi izinin kai ɗalibai ranar 2 ga Fabrairu, Ranar Dausayi ta Duniya, lokacin baƙin suna nan. Sannan a nemi ziyara ta biyu da damina, tare da ma'aikacin gandun, domin yara su ga sheƙa daga nesa. Kuɗin mota kuma mu tattauna shi yau kafin a tashi.