Farar filasta a gidajen Arewa: wane bango ne ya dace da ita

 

Duk wanda ya shiga sababbin gidaje a Dogondutsi, Matankari, Tibiri ko Kore Mairuwa zai ga silin fari fat, da gefe mai zanen furanni, da da'ira a tsakiya inda fanka ke rataye. Aikin staf ke nan, wanda maƙwabtanmu na Kabi da Sakkwato ke kira POP. Tambayar da mai gida ke yi wa ma'aikaci kullum ita ce ina za a samo gari mai laushi, kuma nawa ne buhu. Ni kuwa abin da nake son in kare a gabanku shi ne wata tambaya ce ya kamata ta riga wannan: wane bango za a ɗora wa adon, kuma ruwa na iya kai masa? Idan ba a amsa ta ba, laushin gari ba zai ceci aikin ba ko da daga Faransa aka kawo shi.

Hujjar tana cikin halittar garin kansa. Daga dutsen jifsam ake yin sa. Ana gasa dutsen a zafin da ya kai kimanin digiri 150, sai ya saki kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke ƙulle a jikinsa, a niƙe shi. Da an kwaɓa shi da ruwa sai ya koma dutse cikin mintuna kaɗan, yana ɗan ɗumi, yana ɗan kumbura, kuma kumburin nan ne ke cusa shi cikin kowane lungu na mazubi har zane ya fito da kaifi. Siminti bai iya wannan ba. Amma dutsen nan yana narkewa a ruwa, kusan giram 2 a kowace lita. Adadin ƙanƙane ne, sai dai ɗigon kwano guda da ya yini yana sauka a wuri ɗaya daga Yuni zuwa Satumba ya isa ya rarake silin. Haka kuma filasta na sa ƙarfe tsatsa, shi ya sa ƙusa ko waya marar rufin tutiya ke fitar da jan tabo bayan damina ɗaya. Maginan Fas da waɗanda suka ƙawata fadar Alhamra a Andalus sun san halinta, yawancin sassaƙarsu sun ɗora ta ne sama da tayil, ƙarƙashin rufi, nesa da damshin ƙasa. Mu da ke zaune a kwarin Dallol Mauri, inda ruwa bai da nisa da doron ƙasa a wurare da yawa, kuma koramu ke gangarowa daga duwatsu su ratsa unguwanni, mun fi su bukatar wannan hattara.

Zaɓen gari mai kyau bai da wuya ga wanda ya yarda ya ɓata kofi ɗaya kafin ya biya kuɗin buhu ashirin. A murza shi tsakanin yatsu: in akwai tsakuwa ko gudaji, ya sha raɓa a sito. A barbaɗa shi cikin ruwa mai tsabta, ba a zuba ruwa a kansa ba, a bar shi ya jiƙa sannan a dama. In ya ɗauki ɗumi ya kama cikin kamar rubu'in awa zuwa rabi, kuma farce bai shige shi da sauƙi washegari, ya yi. In ya ƙi kamawa, ko an ƙona shi fiye da kima, ko ya tsufa, ko an cakuɗa shi. A zafin Afrilu kamawarsa na ƙara sauri, don haka gwanin ma'aikaci kaɗan-kaɗan yake kwaɓawa, ba ya kuma ƙara ruwa a kwaɓin da ya fara tauri. Kada a yarda a gauraya shi da siminti wai don ƙarfi. In damshi ya shiga, su biyun kan haifar da wani gishiri mai kumburi da ke tsaga aikin.

To bangon waje fa, musamman na ƙasa, wanda har yau shi ne bangon yawancin gidajen Arewa? Nan ƙasar Hausa ta daɗe da nata amsa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ƴaƴan ɗorawa a jiƙa a kwaɓa da ƙasa, tana sa yaɓe ya yi santsi ya kori ruwa. Laso kuwa, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, da shi ake shafe soro da karofi. Da ƙasa da hannu Babban Gwani Muhammadu Durugu ya fitar da adon masallacin Zariya a ƙarni na 19, da su kuma aka yi zanen da ke fuskar gidajen Birnin Damagaram. Falke Barmu ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ginin ƙasa ne, ya kuma ci lambar Aga Khan a 1986. Fifikon waɗannan kayan shi ne jinsinsu ɗaya da bangon, tare suke shan damshi, tare suke bushewa. Yaɓen siminti a kan bangon ƙasa kamar rigar leda ce a bazara: gumi na taruwa a ciki har rana ɗaya ɓawon ya ɓamɓaro da naman bangon.

Na san abin da za a ce. Yaɓen ƙasa na son gyara a kai a kai, samarin da ke yin gayya kuwa sun tafi ci-rani. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Amma gyaran makuba aikin kwana ɗaya ko biyu ne da kayan da ke kusa, gyaran bangon da siminti ya ruɓar kuwa rushewa ne a sake. Za a kuma ce ɗorawa ta ragu, marina sun mutu. Wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi, musamman ga laso, domin in babu karofi babu katsi. A inda kayan suka ɓace, farar ƙasar da aka ƙona aka jiƙa aka haɗa da yashi mai laushi ta fi siminti dacewa da bangon ƙasa. Masu cewa a shafa wa staf fenti mai hana ruwa a kai shi waje kuwa sun manta ruwa ta baya yake shigowa, ta tsagar bango da ƙasan ginshiƙi, inda fenti bai kai ba. Akwai kuma maganar daraja, wai ginin ƙasa na talaka ne. Cibiyar Hikma ta Dandaji, wadda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018, da tubalin ƙasa aka gina sabon masallacinta, kuma masana gini na duniya sun karrama ta.

Saura inda garin ke fitowa. Akwai jifsam a ƙasar Adar, akwai shi a kwarin Sakkwato, kuma masana'antun siminti na Malbaza da Kalambaina suna bukatarsa, domin ana zuba kaɗan cikin siminti don ya jinkirta kamawa. Gasa jifsam bai kai kusa da wutar siminti ba, wadda ke neman kusan digiri 1450. Ƙaramin murhu da injin niƙa da rariya mai kyau sun isa, wuyar kawai tsare zafin kada ya wuce. Rufe iyakarmu da maƙwabta a 2023 ya nuna mana yadda farashin kayan gini ke tashi idan hanya ɗaya ta toshe. Cibiyoyin koyon sana'a na gundumomin Dogondutsi da Tibiri na iya fara gwada dutsen Adar a ƙaramin murhu, su kuma gayyato tsofaffin magina da suka san haɗin makuba su koyar a aji ɗaya da masu staf, tun suna da ƙarfin riƙe cokalin yaɓe.