Yaro da Kulob ɗin Ƙwallo

Yau maganarmu a kan samari ce, watau yara masu shekara 13 zuwa 18, da shigarsu kulob ɗin wasa.

Da yawa cikinku, in ɗa ya ce zai shiga kulob ɗin ƙwallo, sai ku ce shashanci ne. To, ku tsaya mu duba. Sa'ad da kuke samari ba ku yi langa da kokawa a dandali ba? Wa ya ce kun lalace?

A waɗannan shekaru ne jikin yaro ke miƙewa. Gudu da tsalle suna ƙara wa ƙashi ƙwari, zuciya da huhu su saba da aiki, barci ya yi daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya kamata ya motsa jiki sosai minti 60 kowace rana. Ɗan manomi da damina yana samun haka a gona, har da ƙari. Ɗan birni fa, wanda ya wuni zaune a aji ko a bakin kanti?

Amma abin da na fi so ku lura da shi, shi ne hali. Buga ƙwallo a titi daban, kulob daban. A kulob akwai shugaba, akwai lokaci, akwai alƙalin wasa. Wanda ya makara ba a sa shi. Mutum 11 ne kowane gefe, in ɗaya ya riƙe ƙwallo shi kaɗai sai a ci su duka, abokansa kuwa ba za su raga masa ba. Ran da aka ci su, tilas ya haɗiye fushi, ya miƙa wa wanda ya ci shi hannu. A ganina wannan ya fi gudun minti 90 wuya ga yaro. Mai jin nauyin magana cikin mutane kuma, nan yake samun abokai, bakinsa ya buɗe.

Akwai wurin da za ku sa ido. Wani yaro ya ji labarin Ahmed Musa, wanda ya buga wa Kano Pillars, ya ci Ajantina ƙwallo 2 a gasar duniya ta 2014, sai ya ce shi ya bar makaranta. Wannan ku hana. Yara nawa ke buga ƙwallo a Kano? Nawa suka kai inda ya kai?

Saboda haka, maigida, kafin ka yarda, tafi filin da ƙafarka. Ga shugaban, ka san ko ɗan gidan wa ne. Tambaye shi ƙarfe nawa suke tashi, don yaro ya komo gida kafin magariba.