HATTARA DA MASU DAMFARAR 'YAN FANSHO: JAWABI GA DATTAWAN LAFIA



Tun daga ran 1 ga Oktoba, 1996, da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga cikin Jihar Filato, aka kuma mai da Lafia hedkwatarta, garin nan ya zama matattarar ma'aikata. Da yawa daga cikinsu yau sun yi ritaya, sun koma gida suna dogara da fansho da garatuti. To, wannan ɗan abin da suka samu bayan shekaru masu yawa na wahala, shi ne 'yan damfara suka ɗana wa tarko.

Ga yadda abin yakan faru. Sai a bugo wa dattijo waya, a kira shi da cikakken sunansa, har a ambaci ma'aikatar da ya yi wa aiki. Mai maganar ya ce daga ofishin fansho na Abuja yake, wai bashin da dattijon ke bin Gwamnati ya fito, amma sai ya aika da 'yan kuɗi tukuna kafin a sa hannu a fayil ɗinsa. In ya aika, gobe a ƙago wani dalili, jibi wani, har aljihunsa ya bushe. Wani kuwa cewa zai yi shi ma'aikacin banki ne, za a rufe asusu yau ɗin nan in ba a karanto masa lambar katin cirar kuɗi da lambar sirri ba, ko lambar da ta shigo waya yanzu-yanzu. Da zarar an karanta, an miƙa masa mabuɗin asusu ke nan. Akwai kuma mai tsayawa kusa da na'urar ATM, ya ce zai taimaka wa tsoho, ya haddace lambar sirrinsa, sa'an nan ya musanya masa kati.

Dalilin da ya sa suka fi auna dattawa a fili yake. Dattijo ya saba girmama hukuma, sau da yawa idonsa ya yi rauni, kuma in an cuce shi, kunya takan hana shi faɗa wa 'ya'yansa. Wannan shirun shi ne babban jarin macuci.

Saboda haka ya wajaba kowa ya riƙe magana guda. Babu ofishin Gwamnati da ke karɓar kuɗi kafin ya biya mutum hakkinsa. Hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 don biyan tsofaffin ma'aikatan Tarayya na tsohon tsarin fansho, ta sha yin shela cewa aikinta kyauta ne. Haka nan lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, an yi ta ne don tsare asusu, ba don a riƙa karanta wa baƙo a waya ba. Banki kuwa ba ya tambayar kowa lambar sirri. Duk wanda ya tambaya, ɓarawo ne, kome daɗin bakinsa.

Wanda aka bugo wa irin wannan waya, sai ya kashe, ya tafi banki ko ofishin fansho da ƙafarsa, tare da ɗa ko jika amintacce. Wanda kuwa ya riga ya faɗa tarko, kada ya tsaya jin kunya. Ya hanzarta zuwa bankinsa a toshe katin da asusun, ya adana lambar da aka kira shi da ita da shaidar biya, sa'an nan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko Hukumar EFCC. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai wannan laifi.

Daga ƙarshe, ana roƙon masu unguwanni da limamai da fastoci da shugabannin ƙungiyoyin 'yan fansho su isar da wannan gargaɗi lungu-lungu. 'Ya'ya kuma su ja iyayensu a jiki, kada su yi musu faɗa in tsautsayi ya auku. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya tsare wa dattawa guminsu, amin.