Wa ke naɗa gwamnan Barno?

Dattijon da ke Jiddari Polo a Maiduguri ya ga gwamna iri biyu. A zamanin soja, a rediyo ake jin sunansa, kamar yadda aka turo Muhammadu Buhari a 1975, lokacin ana kiran yankin Jihar Arewa Maso Gabas. Sai a 1979 talaka ya dangwala yatsa, Muhammad Goni na jam'iyyar GNPP ya hau kujerar.

Yau tsarin mulkin 1999 ne alƙali. Dole ɗan takara ya kai shekara 35, jam'iyya ta tsayar da shi. Yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ya sami kashi ɗaya bisa huɗu a ƙananan hukumomi 18 cikin 27 na jihar.

Amma fa tun a zaɓen fid da gwani ake yanke magana, kuma nan ne abin damuwar. Daga Kashim Shettima zuwa Babagana Umara Zulum a 2019, wanda jam'iyya mai mulkin jihar ta tsayar shi ya ci. Matar da ke tsayuwa layi cikin rana, da katin zaɓe ƙulle a bakin mayafi, ta cancanci a ji ta bakinta tun daga can.