Wa ya kashe Kudirat Abiola? Darasin shari'ar Manjo Al-Mustapha

Matanin lacca ga jama'ar Dakoro a kan hukuncin kisa da nauyin shaida



Maganar yau ta shafi wata shari'a da aka yi nesa da Dakoro, can birnin Legas na Tarayyar Najeriya, amma wadda gidajen rediyo suka shigar da ita kowane lungu na ƙasar Hausa. Ita ce shari'ar Manjo Hamza Al-Mustapha, mutumin Nguru, babban jami'in tsaron Janar Sani Abacha, wanda wata kotu ta yanke wa hukuncin rataya saboda kisan Alhaja Kudirat Abiola, wata kotu kuma ta sallame shi. Duk fadar da aka ambaci sunansa sai mutane su rabu biyu: masu cewa an zalunci bawan Allah, da masu cewa mai laifi ya sha da ƙyar. Abin da wannan lacca take son nunawa shi ne cewa mutum yana iya ƙin mulkin Abacha iyakar ƙi, kuma duk da haka ya yarda cewa hukuncin ratayar bai tsaya bisa hujja ba, sa'annan wadda raunin binciken ya fi cuta ita ce marigayiyar da kanta.

A fara da tushen al'amarin. Ranar 12 ga Yuni 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya, wanda alamu suka nuna Alhaji Moshood Abiola ne ya ci, sai Janar Ibrahim Babangida ya soke shi. A watan Nuwamba na wannan shekara Abacha ya karɓi mulki, a Yunin 1994 kuma aka tsare Abiola bayan ya ayyana kansa shugaban ƙasa. Matarsa Kudirat, haifaffiyar Zariya, ta tsaya tsayin daka tana neman a saki mijinta a ba shi kujerarsa, ba ta jin tsoron soja. Ranar 4 ga Yuni 1996 wasu ƴan bindiga suka tare motarta a yankin Ikeja na Legas, suka harbe ta.

Abin lura na farko shi ne waɗanda aka soma zargi. Ƴan sandan gwamnatin Abacha sun kama wasu daga cikin dangin Abiola, har da ɗansa Kola, suka kuma tsare dattawan ƙungiyar adawa ta NADECO irin su Abraham Adesanya. Ba a tabbatar da kome a kansu ba. Da Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, iska ta juya: a watan Oktoba na shekarar aka kama Al-Mustapha, a 1999 kuma aka gurfanar da shi a Legas tare da wasu, cikinsu da Mohammed Abacha da Lateef Shofolahan, wanda masu gabatar da ƙara suka ce hadimin Kudirat ne da ya tona asirin zirga-zirgarta. Gawa ɗaya, gwamnati biyu, kowace ta nuna yatsa ga abokan gabanta. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya nemi hujja kafin ya gaskata kowace daga cikinsu.

Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara goma, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya laifin jan ƙafa. A 2002 Kotun Ƙoli ta cire Mohammed Abacha daga ƙarar. Ginshiƙin tuhumar da ta rage mutum biyu ne. Na farko shi ne Barnabas Jabila, wanda aka fi sani da Saja Rogers, sojan rundunar musamman da ke ƙarƙashin Al-Mustapha; ya ce shi ya yi harbin, da umarnin maigidansa da kuma makamin da ya ba shi. Na biyu shi ne Mohammed Abdul, mai laƙabin Katako, wanda ya ce shi ya tuƙa motar maharan. Amma da lauyoyin masu kare kai suka titsiye su da tambayoyi, sai dukansu biyu suka warware maganarsu. Rogers ya ce jami'an gwamnati ne suka kitsa masa abin da zai faɗa, da alkawarin za a saka masa da alheri. Katako ya ce a ranar da aka yi kisan ma ba ya Legas, yana Azare ta jihar Bauchi.

Duk da haka, ranar 30 ga Janairu 2012, Mai Shari'a Mojisola Dada ta Babbar Kotun Legas ta sami Al-Mustapha da Shofolahan da laifi, ta yanke musu hukuncin kisa ta hanyar rataya. Masu goyon bayan wannan hukunci suna da abin faɗa, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa bayanin farko na Rogers ya zo da filla-filla irin na wanda ya san aikin daga ciki. Cewa babu wanda Kudirat ta tsone wa ido kamar fadar Abacha. Cewa a zamanin an kashe ko an yi yunƙurin kashe wasu masu sukar gwamnati. Kuma cewa shaidan da ya janye maganarsa bayan shekaru yana iya yin haka don tsoro ko don kwaɗayi, kamar yadda yake iya yin ƙaryar farko don dalilan nan guda biyu. A wurinsu biri ya yi kama da mutum.

Ranar 12 ga Yuli 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Amina Augie tare da Rita Pemu da Fatima Akinbami, ta rushe hukuncin, ta sallami mutanen biyu. Dalilanta su ne abin da ya kamata a riƙe. Shaidu huɗu kawai gwamnati ta gabatar. Biyun da suka ce sun ga abin da idonsu sun ƙaryata kansu a gaban alƙali. Jami'in binciken da ya ba da shaida bai tsaya an gama yi masa tambayoyi ba. Harsashin da aka ciro daga jikin marigayiyar, wanda zai iya nuna irin bindigar da aka yi amfani da ita, ba a kawo shi kotu ba. Al-Mustapha ya fita daga gidan kason Kirikiri bayan kusan shekara 15 a tsare, Kano ta yi masa gagarumar tarba, daga baya ma ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2019 da 2023.

To, jama'a, ina gaskiya ta faɗa? Ga masu goyon bayan rataya, amsar a fili take: idan ba a san wanne ne ƙarya tsakanin maganar Rogers ta farko da ta biyu ba, ba a rataye mutum bisa zaɓen wadda ta fi daɗi ga kunne. Wanda ya ce da bakinsa shi ya ja kunamar bindiga ba ya cikin waɗanda aka gurfanar a wannan ƙara, an ajiye shi ne a matsayin shaidan gwamnati, kuma wanda wuyansa ke hannun gwamnati yana da dalilin faɗin abin da take so. Da an aiwatar da hukuncin cikin wata 17 ɗin da ke tsakanin kotunan biyu, da alƙalan ɗaukaka ƙara ba su tarar da wanda za su sallama ba. Ga masu kiɗa da rawa kuwa, su ma a tuna musu: kotu ta ce gwamnati ta kasa tabbatar da laifi, ba ta faɗi wanda ya kashe Kudirat ba, ba ta kuma wanke mulkin Abacha daga abin da ya aikata ba. Ƴaƴan marigayiyar, irin su Hafsat Abiola wadda ta kafa ƙungiya da sunan mahaifiyarta, sun jira shekara 17 suka tashi hannu banza. Shekarun da ya kamata a kashe wajen bin sawun harsashi da bindiga da mota, an kashe su wajen lallashin shaidu biyu.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya ba a kashe rai saboda rai sai da shaidar adilai, ko iƙirarin mai laifi, ko rantsuwar ƙasama bisa sharuɗɗanta, kuma shaidan zur da ya janye bayan hukunci shi ke ɗaukar nauyin ɓarnar da ya jawo. Dokar da Nijar ta gada daga Faransa ita ma ta ɗora wa alƙali mai bincike nauyin neman abin da zai kama wanda ake tuhuma da abin da zai wanke shi, duka biyu. Malam da alƙalin gwamnati sun haɗu a nan: zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Nijar tana da nata tabon, ta ɗaya gefen. Ranar 9 ga Afrilu 1999 dogarawan fadar shugaban ƙasa suka harbe Janar Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin saman soja na Yamai, aka shaida wa ƴan ƙasa cewa tsautsayi ne. Kundin tsarin mulkin wannan shekara ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999, ƙofar kotu ta rufe. Sai a watan Oktoba 2015 kotun CEDEAO ta ce an tauye wa iyalansa haƙƙin samun shari'a, ta umarci gwamnati ta biya su miliyan 435 na kuɗin sefa. A Legas an yi shari'a babu cikakken bincike, a Yamai an hana shari'ar baki ɗaya, kuma a wuraren biyu marayu ba su ji daga bakin alƙali sunan wanda ya maraita su ba.

Mutanen Dakoro ba sa bukatar zuwa Legas ko Yamai kafin su ga haɗarin. Kowace kaka, in dabbobi suka gangaro ta kwarin Tarka kafin a kwashe amfanin gona, rigima takan tashi, wani lokaci a tsinci gawa a daji babu wanda ya ga abin da ya faru. Nan take sai a ce ai wane ne, don an ji suna cacar baki a kasuwa, ko a ce mutanen rugar can ne. Jihar Maraɗi ba ta manta da Toda ba, a yankin Gidan Rumji, inda a watan Oktoba 1991, lokacin da Taron Ƙasa ke gab da rufewa, aka hallaka Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara, a kan rigimar manoma da makiyaya. Taron jama'a ne ya zama ɗan sanda da alƙali da hauni a yini ɗaya, kuma babu ɗaukaka ƙara bayan hukuncinsa.

Saboda haka akwai abubuwan da ya wajaba ƴan ƙasa su nema duk lokacin da aka yi kisa. Kada a taɓa gawa ko a tattake sawu kafin jandarmomi da likita su iso. A adana wuƙa, sanda ko harsashi, a kai su gaban alƙali. Wanda aka kama a sama masa lauya, kada a karɓi iƙirarin da duka ya fitar. Shaidan da aka yi wa alkawarin wani abu a bayyana alkawarin a fili. Kada tsarewar jiran shari'a ta zama ita ce hukuncin. Tun 1976 Nijar ba ta aiwatar da hukuncin kisa ba, amma shekara 15 a gidan kaso ma babu mai mayar wa mutum da su. Dangin wanda aka kashe su ya fi kamata su dage a kan waɗannan sharuɗɗa, domin ranar da aka ɗaure wanda bai yi ba, ranar ake daina neman wanda ya yi.

Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci, ya ba alƙalai ikon tsayawa kan gaskiya, ya zaunar da ƙasa lafiya.