Kaye da bik, ko salula? Jawabi ga ƴan uwa ɗalibai

  

An ce in yi magana kan rubuta darasi: da hannu ya fi, ko da na'ura? Bari in fara da abin kunyar da ya same ni, tunda a gida muke.

Shekarata ta farko a jami'a, da na ga amfi ya cika maƙil, malam na zuba Faransanci kamar ruwan Agusta, sai na ajiye kaye. Abin da aka rubuta a tablo in ɗauka a hoto, abin da aka faɗa in danna a salula, sauran in jira a turo a WhatsApp. Ji nake na waye. Saura kwana 9 jarrabawa aka zare mini wayar a tasha. Wani aboki ya ara mini kayensa, na zauna da shi dare guda, wallahi kamar ban taɓa shiga ajin ba. Ba wayar kaɗai ce ta tafi ba; tun farko karatun bai sauka a kaina ba. Sai da na sake darussa biyu.

Ku tuna makarantar allo. Ba a ba yaro izinin wanke allo sai ya biya abin da ke kai. Shi ya jiƙa tawada, shi ya fiƙe alƙalami, shi ya ja kowane baƙi da wasalinsa. Kafin ruwa ya taɓa allon, karatun ya riga ya koma ƙirji. Mu yau allonmu ba ya cika, shi ya sa ba ma jin dole mu kwashe abin da ke cikinsa.

A 2014 wasu masu bincike biyu a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, sun gwada ɗalibai. Masu kwamfuta sun fi tara kalmomi, amma kwafe maganar suke yi kalma da kalma, kuma da aka zo tambayoyin fahimta masu bik suka fi su. Hannu ba ya da sauri, to dole ka zaɓi abin da za ka rubuta, zaɓin nan kuwa tunani ne.

Amma kada wani ya ce tunda yana da kaye ya tsira. Tun daga firamare mun saba mushe ya yi shifta mu rubuta, hannu na gudu, hankali na fada wajen shayi. Wannan da hoton salula duk kanwar ja ce. Abin da ya taimake ni shi ne: nakan ja layi a gefen kowane shafi, bayan magariba in rubuta ma'anar darasin da Hausa, layi uku ko huɗu, wani lokaci da ajami. Duk inda na kasa juya maganar zuwa harshen da zan iya gaya wa innata, na san nan ne ban gane ba, sai in sa alama in tambaya gobe.

Ban ce ku jefar da na'ura ba, a'a. Ranar da za ku rubuta kundin kammala karatu, ba wanda zai karɓe shi da bik. Ku koyi buga rubutu tun yanzu, musamman ku ƴan uwana mata, kada ku riƙa biyan wani ya buga maku. Ni kaina yanzu duk Asabar nakan ɗauki hoton shafukan kayena in aje a intanet, don ruwan damina ya taɓa jiƙa mini guda.

Ƙannena masu shirin BEPC da BAC, cikin makon nan ku ɗauki darasi ɗaya, ku rufe kaye, ku rubuta shi daga ka a farar takarda. Wanda ya gwada ya same ni bayan taron Lahadi mu duba tare.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani.