Jawabi kan kumburi a mahaifa da haihuwar bakwaini



Jaririn da ya zo duniya kafin ciki ya cika sati 37, shi ake kira bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irinsu kimanin miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin goma. Daga cikin manyan dalilai akwai ciwon da ake rainawa: sanyin mara, zafin fitsari, masassarar cizon sauro. Idan ƙwayoyin cuta suka kai ga mahaifa, jiki yakan tashi yaƙi da su, yaƙin ya haifar da kumburi, kumburin kuma ya tayar da naƙuda tun lokaci bai yi ba.

To me ya sa wata mai ciki ta tsallake, wata kuwa ta haihu a wata bakwai? Wani sashe na amsar yana cikin wani sinadari mai suna anandamid, wanda masana suka gano a 1992. Jikinmu ne da kansa yake ƙera shi, kuma yana aiki kamar makulli mai buɗe wani kwaɗo a jikin ƙwayoyin halitta, har da na mahaifa. Abin lura shi ne, sinadarin da ke sa maye a cikin tabar wiwi, kwaɗon nan ɗaya yake buɗewa.

A 2016, masana a Amurka sun gwada ɓeraye masu ciki waɗanda anandamid ya yi musu yawa. Shimfiɗar mahaifarsu ta tsufa da wuri, kuma ɗan kumburi kaɗan ya isa ya sa su haihu kafin lokaci. Da aka toshe kwaɗon da magani, sai haɗarin ya ragu. Amma wani bincike na 2008 ya nuna ɓerayen da ba su da kwaɗon sam, su ma da wuri suke haihuwa. Ke nan yawansa illa ne, rashinsa ma illa ne. Ɓera dai ba mutum ba ne, don haka kada kowa ya fita yana cigiyar wannan magani a kasuwa.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi. Mai ciki ta nisanci wiwi da hayaƙinta, ko da maigida ne ke sha, domin sinadarinta yana ratsa mabiyiya ya kai ga jariri. Ta fara awon ciki da wuri, ta sha maganin rigakafin masassara da na ƙarin jini, ta kwana cikin sange.

Ku kuma masu faɗakarwa, idan mace ta ce fitsari na yi mata zafi, ko ruwa mai wari na fita, ko mara na murɗawa alhali wata tara bai cika ba, kada ku bari a tsaya jiƙe-jiƙe a gida. Ku raka ta likita a ranar.